Idon Yaya a Ɗakin Inna

Inna ta faɗi ne a bakin rumbu, farkon damina, tana ɗibar irin shuka. Ni a lokacin ina Tanut ina koyar da yara a lakkwal, wato makarantar boko, saura kaɗan a ba mu hutu. Gwaggo, ƙanwar marigayi babanmu da ke zaune gida ɗaya da Inna, ita ta sa aka buga mini waya, kuma ba ta ce komai ba sai, "Auta, ki taho." Na bar rubutu rabi a jikin allo, na shiga motar Gangara, daga can na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu. Kafin in isa an riga an kai ta likita an dawo da ita. Majo, ma'aikacin jinyar da ke can, ya ce hawan jini ne ya buge ta, ɓarin dama ya mutu, magana ta tafi. Ya ba da ƙwayoyi, ya nuna mini yadda za mu riƙa juya ta don kada kwanciya ta ci mata jiki, ya ce sauran sai addu'a.

A kwanakin farko ban taɓa shakkar cewa Inna tana cikin hayyacinta ba. Bakinta ya karkace, hannun dama ya zama kamar na aro, amma idanun nata ne, waɗanda muka tashi muna tsoro. In na shiga ɗaki da takalmi sai ta kafa wa ƙafata ido har in koma in cire. In Gwaggo ta cika wa kunu tsamiya, sai ta ɗaure fuska ta ture cokali da hannun hagu. In lokacin salla ya yi muka shagala da hira, takan riƙa bugun gefen gado har a kawo mata dutsen taimama. Abin da babu kawai magana ce, sai nishi da ɗan gurnani. Duk da haka mulkin gidan yana hannunta, daga kwance.

Cikin ƴaƴan da Inna ta haifa mu biyu muka rage, ɗan fari da auta, kuma tsakaninmu akwai shekaru masu yawa. Yaya ya yi karatu a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan ya haye teku, ya samu aiki a wani kamfani da ke sa wa manyan birane ido da kunne. In ya bugo waya ba ya gajiya da ba ni labarin aikin. Wai fitilun titi suna ƙara haske in mutum ya matso, su rage in ya wuce. Wai famfo in yana yoyo shi ke kai ƙarar kansa, kwandon shara in ya cika shi ke kiran mota, kuma akwai kyamarorin da ke tsinto fuskar mutum ɗaya cikin taron kasuwa. Yakan ce, "Auta, garin nan hankali gare shi, ya san kowa, ya san abin da kowa ke so." Ni kuwa in ce masa, "To Yaya, tambayar mana shi inda akuyar Gwaggo ta shiga, tun jiya ake nema." Sai ya yi dariya ya ce ƙauyanci ba zai bar ni ba ko da na zama darakta.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a wurinmu, amma tata ta fi ta kowa a ƙauyen, har matan yanzu suna yi mata dariya. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In Inna za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku", in ranta a ɓace yake ta ce "wancan". Akwai wani maƙwabcinmu mai irin sunansa, shi ma bai tsira ba, "mai gidan gabas" take ce masa. Ranar da Yaya zai zo gida tun safe take kan murhu, ta yanka kaza, ta daka fura da hannunta, amma yana sallama sai ta miƙa mini kwanon ta shige bayan madafa. In ya bi ta ya durƙusa gaisuwa, ta juya masa ƙeya ta amsa wa danga. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta shan ruwa, ba ta kishingiɗa. In ya bugo waya ba ta karɓa, sai ta ɗauki tsintsiya ta riƙa sharar kusa da ni, wurin da ba ko tsinke, har mu gama. Yaya yakan mai da abin wasa, amma na san yana cin sa a rai.

Da ciwon ya zo bai samu tahowa ba. Suna tsakiyar wani babban aiki da za a miƙa, kuma hutunsu sau ɗaya ake ba su a shekara. Sai ya yi abin da ya iya. Wani kwali ya iso a motar Damagaram da sunana a jiki. A ciki akwai wani farin abu kamar ƙaramin ƙoƙo mai baƙin ido a tsakiya, da faifan da ke ɗaukar wuta daga rana, da batir, da igiyoyi. Mai gyaran salula na kasuwar Gangara ya zo ya kafa abin a jikin azara, daidai saitin gadon Inna. Da yake rezon waya a ƙauyenmu sai a kan tudu, ya ɗaure wani ƙarfe a kan doguwar sanda ya kafa a saman soro. Yana gama haɗawa wata ƴar jar fitila ta kama a goshin abin, sai ga muryar Yaya a wayata yana cewa, "Ga ta nan, ina ganinta! Auta, matsa, kin tare."

Gwaggo mace ce da ba ta iya riƙe daɗi a ciki. Ta rangaɗa guɗa, ta dafa kafaɗar Inna, ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Ke, kuka ya ƙare! Ga ɗanki nan a jikin azara. Yana kallonki safe da yamma, ko tari kika yi yana ji."

Inna ta ɗaga ido ta dubi abin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta kafa hannun hagu a kan katifa, ta yi ta kokawa da jikinta har ta mirgina ta fuskanci bango, ta jawo mayafi ta rufe kanta. Muka yi dariya, ni da Gwaggo da mai gyaran salula. Gwaggo ta ce, "Kai, wannan mata, ko a gadon ciwo!" Duk mun ɗauka kafin magariba za ta saki.

Ba ta saki ba. Aka kawo kunu ta datse haƙora. Aka kawo ruwa ta ƙi, sai in ƙishirwa ta ci ƙarfinta ta ɗan kurɓa a ƙarƙashin mayafi, kamar mai sata. Mu juya ta, muna ba da baya ta koma bango, kuma komawar a kan ɓarin da ya mutu take yi, wanda ba ta jin zafinsa. Ta daina bugun gefen gado, ta daina gurnani, ko nishin ma ta haɗiye shi. In zan yi mata wanka ko in kai ta fo nakan rufe idon abin da zane, Yaya ma ya ce a yi hakan, amma ko a lokacin ba ta fitar da sauti, don Gwaggo ta riga ta gaya mata yana ji. Tun ina cewa kunya ce har na fara shakka. Mace tana ramewa a gabana, ido a rufe, ba uhm ba uhm-uhm, sai na fara tunanin ko ciwon ne ya ƙara shiga ya tafi da sauran abin da ya bari.

Yaya kuwa kullum da safe, kafin ya fita aiki, sai muryarsa ta sauko daga azara. "Inna, ina kwana? Inna, yaya jiki? In kina jina ɗaga hannu." Mayafi ko motsi ba ya yi. Na'urar kuma ba kallo kawai take yi ba, tana auna motsi da sauti, tana aika masa da sakamako a wayarsa. Kullum abu ɗaya take gaya masa: motsi kaɗan, ba magana, ba ta amsa kira. Ya tara hotunan ya nuna wa wani abokinsa likita a can, mutumin da bai taɓa taka ƙasarmu ta Damargu ba, shi ma ya dubi abin da aka nuna masa ya faɗi abin da ya gani.

Wata ranar Juma'a ya kira ni, ya ce in fita waje. Na je na tsaya gindin aduwa a bayan gida.

Ya ce, "Auta, mu gaya wa kanmu gaskiya. Inna ba ta nan. Jiki ne kawai ke numfashi."

Na ce, "Yaya, kai fa take jin kunya. Kafin a kafa abin nan har faɗa take mana da ido."

"Wace irin kunya ce za ta sa mutum ya ƙi ruwa yana jin ƙishirwa? Ciwo ne ya ci gaba. Na kira ta ya fi a ƙirga, ko yatsa ba ta ɗaga ba." Sannan ya ce a hankali, "Ko na zo yanzu ba za ta san na zo ba. Gara in ajiye hutun nan don…"

Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba. Na gane yana nufin zaman makoki. Na ji haushinsa, na so in zage shi tas, shi da garinsa mai hankali. Amma abin da ya faɗa daga baya ya hana ni. Ya ce, "Da tana da lafiya ma ba ta taɓa kallona ba, Auta. Ni ban san yadda idonta yake ba in yana kan mutum." Na koma gida ina kuka, ban san ko don Inna nake yi ba ko don shi.

Marka ce ta tona abin. Aka shiga kwanakin nan da rana ba ta leƙowa, ruwa yana yayyafi ya tsaya ya dawo, gero ya yi duhu a gona, tufafi ba sa bushewa. Batir ya yi ta ja har ya gaji. Da hantsi, Gwaggo ta tafi gona, ina zaune a bakin ƙofa ina tsinkar zogale a faifai, sai na ji gado ya yi ƙara. Na waiwaya. Inna ta juyo da kanta, ta yaye mayafi, tana kallon azara. Jar fitilar ta mutu. Ta daɗe tana kallo, kamar mai son ta tabbatar, sannan ta dawo da idon kaina, ta dubi randa, ta buɗe baki.

Sunan Yaya ne ya fito, cikakke, tar, ba gargada.

Faifai ya faɗi daga cinyata. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na rasa gane shi da farko, kamar wani baƙon suna. Ita ma ta ji abin da ta faɗa. Ta runtse ido, hawaye suka gangaro ta gefen da ya karkace. Ta sake nuna randa da hannun hagu, ta tattara ƙarfinta don ta ce ruwa, sunan ya sake fitowa. Na tashi na ɗebo mata a moɗa, ta shanye, ta miƙo a ƙara. Ranar ta sha kunu kofi cike, har da lasar cokali. In tana son buta, sunan. In ƙuda ya dame ta, sunan. Ni kaina da ta so ta kira ni, da sunan ta kira ni. Duk kalmomin da ta tara a duniya sun zube, wannan kaɗai ya dawo, kuma ban san tun yaushe ya dawo ba tana danne shi a ƙarƙashin mayafi. Daga baya majo ya ce ana samun haka ga masu irin ciwonta, kalma ɗaya ta maƙale a baki, ita ce ruwa, ita ce abinci.

Gwaggo ta dawo da laka har gwiwa, tana shiga ɗaki ta ji. Ta saki hauya ta riƙe baki. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Shekara da shekaru kina ɗaure da shi a ciki, yau ya tsinke igiya?" Inna ta laluba da hannun hagu, ta ɗauki mafici ta jefe ta da shi, ya same ta a ƙirji. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka. Ta ce, "Wallahi tana nan. Muguwar tana nan daram."

Washegari hadari ya yaye, rana ta fito. Kafin azahar jar fitila ta kama. Ina kallon Inna lokacin da ta gan ta. Ta haɗiye abin da ke bakinta, ta kafa hannu, ta koma bango.

Na sha yin tunanin wannan juyawar a shekarun da suka biyo baya. Na'urar Yaya ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa. Tana ƙirga abin da mutum ya yi, amma ba ta da wurin ajiye abin da mutum ya hana kansa yi. Tsohuwa ce mai ƙishirwa, ruwa yana kusa da bakinta, ta san in ta nema da baki me zai fito kuma wa zai ji, sai ta zaɓi ƙishirwar. Ban san hankalin da ya fi wannan zama a farke ba. Fitilar titin da Yaya ke yabo ta san mutum ya matso, amma ba a taɓa jin ta rage haske don nauyin wani ba. Ni dai ban yi karatun da zan ce ga inda hankali yake zaune a jikin ɗan Adam ba. Na san dai na Inna ya fi bayyana a lokacin da na'urar ke cewa babu kowa a gadon.

Na kira shi da yamma na gaya masa duka.

Ya ce, "Sunana?"

Na ce, "Sunanka, Yaya. Shi kaɗai ya rage mata."

"Auta, so kike in zo, na sani. Ba sai kin…"

"Ni zan yi maka ƙarya da bakin Inna? Ga Gwaggo nan, tambaye ta."

Gwaggo ta karɓi waya ta yi masa rantsuwa har da ta wuce kima. Na ji numfashinsa ya canza. Da na karɓa sai na ji ya koma mutumin aiki, mai neman dabara. Ya ce abin mai sauƙi ne. In samu baƙin sikoc in liƙe jar fitilar, in ce wa Inna batir ya sake mutuwa. Ita za ta saki jiki ta ci abinci, shi kuma ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Ya ce, "Sau ɗaya kawai nake so in ji. In na ji, gobe zan ajiye aikin in taho, ko za su kore ni."

Da na gaya wa Gwaggo sai dariyarta ta ɗauke. Ta ce, "Wannan ai tsiraici ne. Gara ki yaye mata zane a kasuwar Belbeji." Amma sai ta ƙara da cewa, "Shi ma kuwa abin tausayi, yaron nan." Ta bar ni da abin, ta tafi ɗaure awaki.

Ina da sikoc a jakata ta lakkwal, wanda nake liƙa hotuna a bangon aji. Da safe na jawo turmi cikin ɗaki na kifa shi, na hau, na yanki ɗan guntu da haƙori. Daga can sama na ga abin da Yaya ke gani kullum: ƙaramin tudu a ƙarƙashin mayafi, da tafin ƙafa ɗaya a waje, duk faso. Inna ba ta iya tafiya, ba ta iya wanke kanta, ba ta iya tsayuwar salla, ni nake share mata abin da ba ta taɓa yarda wani ya gani ba. Abu ɗaya ya rage da take yi da kanta, da nufinta, shi ne wannan rufe bakin. In na liƙe fitilar na ƙwace shi, kuma da hannun ƴar da ta yarda da ita. In ban liƙe ba, ɗanta zai ci gaba da zama a can yana jiran a kira shi makoki. Na tsaya a kan turmin har ƙafata ta yi sanyi. Har yau in na tuna ban iya cewa ga daidai ba, na san dai abin da hannuna ya yi. Na fizge igiyar, na kwance abin daga azara, na sauko da shi, na kai gaban Inna ta ga ina sa shi a kwalinsa.

Ko rabin sa'a ba a yi ba ya kira.

"Me ya sami na'urar?"

"Na cire ta."

"Kin cire? Ke kin ji, Gwaggo ta ji, kajin gidan ma sun ji, ni mai sunan ne ba zan ji ba?"

"Ka zo, Yaya. Ka zauna a bayan ɗaki ka ji da kunnenka."

"Wannan ba yaudara ba ce? Mene ne bambancinta da sikoc?"

Na ce, "Haka ita ma take yi maka in ka bugo waya, da tsintsiya a hannu." Ban san ko amsa ce ba, ita ce dai ta zo bakina. Ya kashe wayar. Kwanaki suka wuce bai kira ba, in na kira ba ya ɗauka.

Inna ta dawo cin abinci, ta dawo mulkinta. Sunan Yaya ya cika gidan tun safe har dare, har Gwaggo ta iya rarrabe na ruwa da na faɗa da na a rufe ƙofa. Maƙwabta masu zuwa dubiya sukan sunkuyar da kai su yi kamar ba su ji ba, ita kuma ta kau da fuska. Sai dai kwanciyar da ta yi a ɓari ɗaya ta riga ta yi ɓarna. Fatar ƙugunta ta dama ta buɗe, ramin ya yi zurfi, ya fara wari. Majo yana zuwa a kan babur yana wankewa yana sa magani, amma na ga yadda yake kallon ciwon ba ya kallona. Sai zazzaɓi ya shigo, cin abincin ya sake tsayawa, wannan karon ba don kowa ba. Na aika wa Yaya saƙon murya, ban roƙe shi ba, ban yi masa faɗa ba, na gaya masa yadda ake ciki kawai. Ya amsa da kalma biyu, ya ce yana hanya.

Hanyar ba gajera ba ce. Sai ya hau jirgi zuwa Yamai, ya shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Damagaram, ya nemi motar Tanut, sannan ya sauka ya bi hanyarmu da ruwa ya yanke a wurare. Yana tsakanin Damagaram da mu Inna ta fara shure-shure da ƙafar hagu, da hantsi. Gwaggo ta tallafe kanta tana karanta mata kalmar shahada a kunne, a hankali, tana maimaitawa. Idon Inna a buɗe yake, yana kanmu, leɓunanta suna bin na Gwaggo. Ta yi ƙoƙari, na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa. Na dubi Gwaggo a tsorace. Ta girgiza mini kai ta ce, "Allah ya san abin da take nufi," ta ci gaba da karantawa har numfashin ya tsaya.

Liman ya ce ba za a jira ba, ga zafi ga ciwon da ke jikinta, kuma ba wanda ya san yaushe mota za ta iso. Aka kai ta kafin la'asar. Yaya ya iso gab da magariba a bayan kabu-kabu, wandonsa duk laka, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Maza suka raka shi maƙabarta ya yi addu'a ya dawo.

Sai washegari da rana, mutane sun ɗan ragu, na shiga ɗakin Inna ɗauko kwanuka na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da gadon da aka naɗe katifarsa. Ya tsufa fiye da yadda nake ganinsa a waya. Ya ce in zauna, na zauna. Ya ce a jirgi da cikin kar ya bi duk hotunan da na'urar ta ajiye, ɗaya bayan ɗaya, ko zai ga wurin da ta waiwayo ko ta yi wani sauti da ya wuce shi. Ya ce babu komai sai bayanta. Na yi zaton faɗa zai biyo baya, na shirya masa, amma bai yi ba.

Ya ce, "Auta, yaya take faɗa?"

Na ce, "Kamar yadda kowa ke faɗa, Yaya. Sai dai tana ɗan jan ƙarshen."

"Faɗa mini."

Ni ma ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, ƙanwa ba ta yi. Na ji nauyin abin a harshena. Na sunkuyar da kai, na tuno yadda bakinta ke karkacewa, da yadda take ɗaukar numfashi kafin ta fara, na faɗa. Ya rufe ido yana saurare.

Ya ce, "Sake."

Na sake, na ja ƙarshen yadda take ja, na yi iyakar ƙoƙarina. Ya daɗe idonsa a rufe, sannan ya buɗe ya girgiza kai.

Ya ce, "A'a. Wannan ke ce."